Ruwan Gishiri da Sukarin Ƙanwata

Ina ɗan shekara takwas ƙanwata ta kamu da gudawa. Inna ta haɗa ruwan gishiri da sukari a kofin silba, ta ce in riƙa ba ta da cokali kafin ta dawo daga rijiya. Sukari kuwa sai da sallah muke ganinsa. Na ɗanɗana, na ƙara, har na shanye.

Da Inna ta dawo ta taɓa maɗigar yarinyar, ta ji ta faɗa. Ga kuka, amma babu hawaye. Ta leƙa kofin.

"Duk ta shanye? Allah ya yi maka albarka."

Na ce, "Amin."

A asibitin Jahun aka ceto ta da ƙyar. Har Inna ta rasu ban iya faɗa mata ba.