Kyanwar Cikin Littafin Auta

"Ko kalma ɗaya ba ta iya karantawa," in ji malamar Auta, ta turo wa uwar yarinyar takardar gwajin 'yan aji biyu. Gaisuwa da Turanci, ta iya. Ƙirga zuwa ashirin, ta iya. Karanta jimla, babu. "Sai dai ta maimaita aji."

Uwar ta dubi katin karatun gida. Kwana sittin, kowace rana da dangwalen yatsanta, shaidar ta saurari Auta. Kullum tana kan keken ɗinki yarinyar za ta buɗe littafin, ta bi layi da yatsa, ta zuba Turanci kamar rediyo, sannan ta fassara mata: wata kyanwa ce ruwa ya tafi da 'ya'yanta uku, take bi gari-gari tana cigiya. Zuwa yanzu an gano biyu.

Uwar ta ɗauko littafin, ta buɗe. "Malama, karanta min shafin nan."

"Cewa aka yi, kyanwa tana kan tabarma."

"Sai kuma me?"

"Shi ke nan."

Uwar ta daɗe tana kallon hoton kyanwar da ke shafin. Ta ninke takardar, ta miƙe, sai ta ja ta tsaya a bakin ƙofa.

"Don Allah kar ki tona ta yau. Saura ɗaya ba a gano ba."