Zakin da Ya Durƙusa wa Lawali

Balki ta shiga taragon mata na jirgin ƙasan Alƙahira, Lawali ya faɗa na bayansa yana haki, hularsa a hannu don kada ta hango shi. Mutum ɗan shekara hamsin, mai aika dilolin abaya daga Alƙahira zuwa Damagaram, yau shi ne laɓe a bayan wani ƙaton Bamisire yana bibiyar matarsa.

Wata huɗu ke nan abin yana cin sa. Duk Talata da Juma'a sai Balki ta ce za ta raka 'yarsu Hafsa darasi, ta dawo tana wani murmushi da ba shi ya sa ta ba. Ta sayi man zafi har kwalba uku, ita da ko ciwon kai ba ta yi. Sai shekaranjiya, tana wanka, wayarta ta haska a kan firji. Wani ne wai shi Isam: "Juma'a ƙarfe uku, Ma'adi. Kada maigidan ya sani tukuna."

Tukuna! Wato har an yanke ranar da za a sanar da shi. Yau kuwa Hafsa ta fita tun safe, babu wadda za a raka, amma Balki ta yafa sabon jan mayafi ta fesa turare. Shi ya sa bayan sallar Juma'a ya rubuta takardar saki ya ninke a aljihu. Aure na shekara goma sha tara, ya rantse in idonsa ya ga abin da yake zargi, a tsakiyar titi zai miƙa mata.

A unguwar Ma'adi ta sauka, ta bi wani layi mai bishiyoyi da aka tare wa motoci. 'Yan China mazauna garin ne ke bikin sabuwar shekararsu, wadda ke zuwa a tsakiyar sanyi. Jajayen fitilun takarda reto-reto daga wannan bishiya zuwa waccan. Tururi na tashi daga kwandunan wani abinci mai kama da ɗanwake, sai dai da nama a ciki. Wani tsoho yana rubutu da buroshi a jar takarda, Misirawa sun yi layi suna ta hoto. Kowa bakinsa a buɗe da dariya, ban da Lawali. Duk namijin da ya gifta sai ya auna shi sama da ƙasa. Mai gashin bakin nan ne? Ko dogon can mai baƙar jaka?

Balki ta tsaya gun mai alawar 'ya'yan itace da ake sokewa a tsinke kamar tsire. Ta sayi biyu. Ta ci ɗaya, ta riƙe ɗaya.

Sai ganga ta tashi. Jama'a suka dare, wani zaki na ƙyalle ruwan ɗorawa ya fito yana girgiza geza, mutum biyu a cikinsa, na gaba riƙe da kai. Ya haye benci, ya tsallaka wani, ya miƙe a kan ƙafa biyu har mata suka yi ihu. Balki tana sahun farko, hannunta a ƙirji, bakinta yana motsi kamar mai addu'a. Rabon da ta dube shi haka, Lawali ya manta.

Zakin ya diro, bai nufi kowa ba sai ita. Ya kwantar da ƙaton kansa a kafaɗarta yana kashe ido. Ta rungume shi a gaban duniya, ta raɗa wani abu a cikin bakinsa, sannan ta tura masa alawar nan. Wani hannu ya karɓe ta daga ciki.

Lawali ya san dodanni tun yana yaro, kuma bai taɓa jin inda aka shiga irin wannan kaya ba in ba ƙato ba. Ya kai dubansa ƙasa. 'Yan fararen kambas ƙanana. Ɗan firit ɗin namiji ma, ashe, shi aka fifita a kansa. Kishi ya rufe masa ido.

Kan zakin ya juyo, ya tsaya cak, kamar ya gane shi. Ya tako a hankali, mutane suna ba shi hanya, har ya zo gaban Lawali. Ya durƙusa sau ɗaya. Ya sake. Ya yi na uku har gemunsa ya taɓa kwalta, ya buɗe baki ya ajiye lemo a gaban takalminsa.

"Mabruk ya hajj!" in ji wata tsohuwa 'yar China da ke gefensa, da Larabcinta mai karyewa. "Wanda ake girmamawa kawai ake yi wa haka."

Girmamawa? A ci amanarka, sannan a zo a yi maka izgili da lemo? Lawali ya ja da baya taku ɗaya, ya tattara duk baƙin cikin wata huɗu a ƙafarsa ta dama, ya kwashe ƙafafun gaban zakin. Kan ya bugu da bakin titi. An ji ƙarar wani abu ya karye, ba kuwa kwali ba ne.

Ganga ta mutu. Mai kaɗa ta, wani tsoho mai sanƙo da tumbi, ya jefar da sandunan ya rugo a guje, 'yan wasan da yake koya wa rawar suna kiran, "Kyaftin Isam! Kyaftin Isam, ruwa!" Lawali ya bi shi da kallo, hannunsa ya sandare a kan aljihu. Balki ta zube a ƙasa tana ƙoƙarin ɗaga kan zakin, ko dubansa ba ta yi ba.

Daga ƙarƙashin gezar, wata siririyar murya da ya sani tun ranar da ya yi mata huɗuba ta ce, "Wayyo ƙafata! Baba, gaishe ka fa na zo yi."