Ko Kututture Aka Ba Ni

Tun da ka ce gobe kwamitinku zai zauna ya sallami mai horas da 'yan ƙwallonku, na uku ke nan cikin shekara biyu, zauna ka ji wannan kafin ka tafi.

A wani gari an yi wani mai horas da 'yan kokawa, gajere kakkaura, mai amon murya. Shekara shida a jere, duk bayan kaka in an kara da garuruwan kewaye, mutanensa ne ke janyo bijimin da ake ba gwanaye su kawo gida. Shi makaɗa ke wasawa, shi ake ɗagawa a kafaɗa. Abin da kirari ba ya faɗa shi ne, ba shi ke nemo 'yan kokawar ba. Wani tsohon dillalin shanu ne mai yawon kasuwanni, wanda ya saba duban ƙafar bijimi kafin ya dubi tozonsa. In ya ga ɗan dako zai sauke buhu, ba ruwansa da ƙirjinsa, diddigensa yake kallo ya ga ko zai girgiza. In bai girgiza ba, sai ya kamo hannunsa ya kawo wa mai horo, ya koma gindin tsamiya yana cin goronsa. Shi ma mai horon, a faɗi gaskiya, ya iya aikinsa: ya san lokacin da zai ce wa mutum ya shiga, da lokacin da zai ce ya ja baya ya bar abokin karawa ya gaji. Amma yabo ya hau masa kai. Ranar nasara ta shida ya tsaya a tsakiyar fage ya bugi ƙirji ya ce, "Ni ko kututture aka ba ni, sai na mai da shi ɗan kokawa!" Gari ya ɗauki sowa. Dillalin yana jin sa.

Da damina tsohon ya rasu. Mai horo ya je gaisuwa a tsaitsaye, ko zama bai yi ba. Zaɓe ya koma hannun manyan gari su biyar, masu manyan riguna, waɗanda yashin fage bai taɓa shiga tsakanin yatsun ƙafarsu ba. A zaure suke zama, a kawo musu samari su tuɓe riga, su ɗauki mai faɗin ƙirji, sai ɗan ƙanwar wane, sai surukin wane. Akwai wani siririn mai haƙar rijiya da tsohon ya kawo gab da zai kwanta ciwo. Suka dube shi suka kwashe da dariya, suka ce ya koma raminsa. Mai horo ya san abin da ke ƙafar mutumin nan, don ya taɓa sa ƙarti biyu su ture shi, ko gezau bai yi ba. Ya buɗe baki zai yi magana, sai babbansu ya yi murmushi ya ce, "Ba kai ka ce ko kututture ba?" Mai horo ya tashi ya fita. Tun daga ranar tsoro ya shiga zuciyarsa, amma girman kai ya hana shi komawa zauren.

Wata uku yana fama da waɗanda aka ba shi. Ya sa su gudu cikin yashin rafi, ya sa su ɗagin turmi, ya nuna musu yadda ake kafa ƙafa har muryarsa ta dishe. Sun yi iyakar ƙoƙarinsu, bayin Allah, amma abin da babu shi a ƙafar mutum tsawa ba ta sa shi. Ranar karawa sai ga mutanen ƙetaren rafi sun fito da siririn nan, don da aka kore shi can ya tafi neman aikin rijiya, suka riƙe shi hannu biyu. Shi kaɗai ya kayar da huɗu. Na biyar, ɗan ƙanwar babban manyan nan ne, ya faɗi a kan wuyansa. A kan ƙyaure aka fitar da shi, kuma bai ƙara takawa da ƙafarsa ba.

Kafin a kai shi gida manyan sun naɗe rigunansu sun sulale. Jama'a ba su san abin da aka yi a zaure ba, wanda suka saba gani a bakin fage shi suka sani. Mutanen da suka yi shekara shida suna ɗaga shi a kafaɗa su suka rufe shi da duka, da sanduna da hoge, suna tambayarsa ina kututturen. Aka karya masa hannun dama. Makaɗin da ke wasa shi ya juya waƙar ta koma zambo, yara suka ɗauka. Bayan kwana bakwai ya ɗora iyalinsa a amalanke, ya biya ta maƙabarta, ya daɗe tsaye a kan kabarin dillalin yana kuka, sannan ya bar garin da aka haife shi.

Aka ɗauko wani mai horo daga nesa, ya sha kaye, aka kore shi. Aka ɗauko wani. Yau shekara goma sha ɗaya rabon bijimin nan da kwana a garin, mutum biyar ɗin kuwa suna nan a zaurensu, har an sabunta musu shimfiɗa.

To kai da ke cikin masu zaɓe, kafin ka ɗaga hannu gobe, tuna wa ya ɗauko 'yan wasan da kuka damƙa wa mutumin nan. Irin wannan ne Hausawa ke cewa, an bar jaki ana dukan taiki.