Kwaɗo Na Huɗu

Kwaɗo na biyu ke nan Lyle Petrakis yake ɗaurawa a ƙofar shingen gidansa cikin sati guda. Yana ɗaurawa yana ƙunƙuni, karyarsa Tilda kuma tana zaune a bayansa, kunnuwa a miƙe, ta zuba wa hannunsa ido kamar mai koyon sana'a.

Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana gyaran makulli a garin Mildura kafin ya ajiye aiki. Rabin ƙofofin unguwar shi ya sa musu kuba. Sai ga shi karyarsa, irin manyan karnukan Jamus ɗin nan, ta mayar da shi abin nuni. Kullum da hantsi sai waya ta yi ƙara: ga Tilda can bakin shagon burodi tana jiran a jefo mata ɓawo. Ya ruga ya duba ƙofa, ya tarar da kwaɗo a datse yadda ya bar shi.

Ya bi shingen da rarrafe yana neman rami, bai samu ba. Ya ƙara masa tsawo har ya wuce kansa. Ɗan sararin da ke ƙarƙashin ƙofa kuwa ko kanta ba zai shiga ba.

A filin wasan ƙwallon tsofaffi, abokinsa Merv ya sa shi gaba.

"Mutumina, kai ka koya mata aikin, ko ita za ta koya maka?"

Lyle ya yi dariyar yaƙe, amma can cikin ransa wani alfahari ya motsa. Kare mai buɗe kwaɗo, ya kuma mayar ya rufe! Wa ke da irinsa a garin nan? Kafin a tashi har ya fara ba da labarin da bakinsa, yana ƙara gishiri.

Na uku mai lambobi ya sayo. Idan zai juya su sai ya kare da hularsa, kada Tilda ta gani. Ranar da zai gaya wa matarsa Noreen lambobin, ɗakin wanka ya ja ta, ya buɗe famfo, sannan ya raɗa mata a kunne.

"Tsoho," in ji Noreen, "karya ce fa, ba 'yar leƙen asiri ba."

Washegari aka bugo daga shagon burodi.

Komai ya taru ya yi masa yawa. Gwiwa tana ciwo, Merv ya laƙaba masa suna Almajirin Tilda, ga fararen akun nan masu ihu da suka addabi gidan. Sun tsinke igiyar shanya, sun ƙwaƙule robar taga, kullum sai sun ɗauke masa silifa ɗaya daga baranda sun yar a titi.

Ranar Laraba ma'aikaciyar ƙaramar hukuma ta kawo Tilda da kanta a bayan mota.

"Baba, ba ta cizo, na sani," ta ce. "Amma titin nan manyan motoci ke bi, kuma maƙwabta sun kai ƙara. In na sake ganinta a waje, dole in rubuta."

Da ta tafi, Noreen ta yanke hukunci ba tare da ɗaga murya ba. In Tilda ta ƙara fita, za a kai ta gonar 'yarsu Leonie, tafiyar awa shida.

Tun da Lyle ya bar aiki, Tilda ce kaɗai take sauraron labarinsa har ƙarshe. Ita ke kwanciya a kan ƙafarsa idan gwiwar ta tashi. Ya shiga rumfar kayan aikinsa, ya yi yini biyu bai fito ba sai don cin abinci.

Kwaɗo na huɗu da hannunsa ya ƙera shi. Sai an danna, an murɗa, an ja, duk a lokaci guda, kuma mabuɗinsa ɗaya tak, a rataye a wuyansa. Bai taɓa yin aiki mai kyansa ba.

Da safe ya gama 'yan hidimominsa, ya zagi aku kamar kullum, ya koma rumfa yana fito.

Ƙarfe goma da rabi waya ta yi ƙara.

Noreen ce ta je ta ɗauko ta. Da suka dawo, Lyle yana zaune a matakalar baranda, ya riƙe mabuɗin wuyansa, idanunsa sun kaɗa.

"Shi ke nan," ya ce. "Ta fi ni. Kira Leonie."

Maimakon haka Noreen ta shiga ɗakin girki, ta ɗauko wayarta da ta jingina a taga tun asuba tana ɗaukar hoton ƙofa. Ta kalla sau ɗaya, ta dafe bango, dariya ta hana ta numfashi.

"Tilda ba inda za ta," ta ce tana share hawaye. "Kai ne dai nake tunanin kaiwa gonar. Ungo, duba."

Ga Tilda nan a hoton, silifa a baki. Ta tura shi ƙarƙashin ƙofa, ta bi shi da ƙafa har ya yi nisa, ta laɓe a bayan kwandon shara. Can sai ga Lyle yana ɗingishi da takalmi ɗaya, yana yi wa tsuntsaye daƙuwa. Ya danna, ya murɗa, ya ja, ya buɗe ƙofa, ya duƙa ɗaukar silifa. Ta silale ta bayansa ta kwanta a gindin mota, shi kuma ya koma ciki ya kulle ta a waje da hannunsa, har ya ja kwaɗon sau biyu don ya tabbatar.