Layin Marigayi

Kwana uku ke nan tana fama da shafin mijinta na sada zumunta, har idanunta sun fara yaji. Wata sanarwa ta ce daga ƙarshen wata kamfanin da ke da dandalin zai kwashi hotuna da rubuce-rubucen mutane ya koyar da na'urarsa mai kwaikwayon basirar ɗan Adam, sai wanda ya ce bai yarda ba. Shi kuwa shekararsa biyu a ƙasa. Wa zai ƙi a madadinsa in ba ita ba?

Ta danna nan, a tura ta can. Ta cike fom, a ce ta sake. Daga ƙarshe aka ce an aika lambobi shida zuwa layinsa, layin da ta ɗauka ya mutu tare da shi.

Ta kira, don dai kar a ce ba ta gwada ba. Sai aka ɗauka.

"Yi haƙuri, malam, a da layin mijina ne. Akwai wasu lambobi..."

"Na gan su, zan karanto miki," in ji muryar wani dattijo. "Wata takwas ke nan da aka sayar mini da layin." Sai ya ƙara da cewa, "Baiwar Allah, ke ce mai turo masa saƙo kullum da safe? Ya jikin auta? Tun Talata ba ki faɗa masa ba."