Kafaɗata da Reshen Mangwaro

Baffa, da kai nake, ko da yake na san inda muka ajiye ka ba a amsawa. Akwai misalin da ka fara ba ni ba ka rufe ba, shi na zo in rufe.

Ranar da aka sallamo ni daga asibiti ne, bayan tiyatar kafaɗata ta dama da buhun albasa ya fizge muna lodi a kasuwa. Hannu rataye a wuya nake ba ka labarin abin da likita ya ce: jijiyar da ke ɗaga hannu ce ta ɓalle daga ƙashi, ya jawo ta ya ɗinke a mazauninta. "Amma zaren nan riƙo kawai yake yi," in ji shi. "Jikinka ne zai yi haɗin. Abin da zai fara fitowa tsakanin jijiya da ƙashi laushi gare shi kamar kindirmo, sai an yi watanni yake tauri. Ciwo kuma yana riga tafiya kafin ƙarfi ya iso. A nan mutane ke ɓata mini aiki." Ka yi dariya ka ce ashe likitan ma ɗan lambu ne. Sannan ka gyara zama a kan buzu ka ce in saurara.

Ka ce wani manomi ne ya yi wa mangwaronsa aure. Ya yanko reshe daga bishiya mai zaƙi, ya fere bakinsa, ya tsaga ƙaramin itacen da ya raina a bayan gida, ya cusa, ya naɗe da leda tam. Ba a daɗe ba reshen ya yi toho, ganye jajaye masu sheƙi. Abin da manomin bai sani ba, reshe yakan yi tohon fari ne da ɗan ruwan da ya zo da shi daga gidansu, tun bai fara sha daga sabuwar uwa ba. Manomin ya ga ganye, ya ce aure ya kama. Ya kwance ledar, ya cire sandar da ya tokare shi da ita. Masu lambu sukan tsinke furen fari su zubar, shi kuwa ya bar nasa, domin yana da tsohuwa a ɗaki da ta ce tana so ta ɗanɗana mangwaron nan kafin ta tafi. 'Ya'ya suka ƙulla, suka yi nauyi. Ran nan da la'asar iska ta taso, ba ma babba ba, wadda ko shanya ba ta kwashewa, reshen ya ɓalle daidai wurin haɗin. Da ya duba, ɓawo ne kawai ya ɗan manne ta gefe, cikin fari fat, a bushe. Dole ya sare itacen ƙasa da inda ya fara tsagawa, ya zauna jiran wata damina.

Na ce, "To ai don uwarsa ya yi, Baffa." Ka ce, "Itace bai san dalili ba, Tanimu, nauyi ya sani." Sai tari ya sarƙe ka, Inna matarka ta kawo ruwa tana faɗan tsoho ya cika surutu. Maganar ta tsaya nan, babu karin maganar da ka saba rufe kowane misali da ita.

Ciwon kafaɗa ya tafi kamar yadda aka ce, har nakan manta da ita. Tarinka ne bai tafi ba. Da aka sallace ka aka ɗaga makara, mutane suka shiga karɓa-karɓa, kowa na so ya sa kafaɗa ko da taku kaɗan ne. Har mai shayin bakin titi da ba kwa ga maciji ya ɗauka. Ni da ka raina tun ina rarrafe, na zare maratayin hannu na cusa a aljihu. Ɗanka Sabi'u ya riƙo rigata ya ce, "Kai, lafiyarka kuwa? Bi da ƙafa mana, ladan bai ƙare ba." Na ce, "Ta warke." Niyyata in shiga da hagu, amma gurbin da ya buɗe na dama ne, gurbin makara kuwa ba ya jiran mutum.

Ba ka da nauyi, Baffa, jinya ta cinye ka. Sai da muka zo gangaren kusa da maƙabarta, mu na gaba muka riga sauka, dole muka ɗaga hannu sama don kada ka zame. Na ji wani ɗan ƙas daga ciki, ƙarami, kamar zaren maɓalli ya tsinke. Ban saki ba har aka karɓe ni.

Yanzu hannun yana kaiwa baki, amma ba ya kai ƙusar da nake rataye riga. In na yi kabbara, dama takan tsaya a hanya, hagu ta wuce ita kaɗai. Na mayar da maratayi, kowa na yaba mini bin dokar likita. Shi kuwa ya taɓa cewa jijiyar da ta sake ɓallewa takan ja da baya ta gajarce, ɗinki na biyu bai cika kamawa kamar na fari ba. Abokan lodi sun aiko cewa albasa ta fara shigowa, yaushe zan fito. Na ce an kusa.

Jiya na leƙa lambunka. Auren ƙarshe da ka yi yana nan cikin ledarsa, ƙullin hannunka ne, ya yi toho, ganye jajaye. Na daɗe a tsaye, ban taɓa shi ba.

Ban faɗa wa kowa ba tukuna, ko Inna, ko likitan. Kai na fara kawo wa, haɗe da abin da tari ya hana ka ƙarasawa. Hausawa suka ce, sauri ya haifi nawa.