Rami Na Tara

"Na'ura ba ta san ɗan'uwa ba, ranka ya daɗe," in ji Injiniya, yana shafa suwic ɗin da ke raba intanet ga teburan ofis. Ya saita shi yadda duk ramin wayar intanet da aka jona wa baƙuwar kwamfuta zai kulle kansa, ya kai ƙara.

Manaja ya ji daɗi. Ya ce duk wanda aka kama, dakatarwar wata guda ce.

Ranar Laraba suwic ya kai ƙararsa ta farko: rami na tara, teburin sakatariya, wadda ta yi wa Injiniya hanya ya samu aikin nan.

"Hajiya, ke?" in ji Manaja.

Ta dubi Injiniya. Shi kuwa ya duƙufa nazarin takalminsa.

"Ni ce, ranka ya daɗe."

Ta tattara kofinta da sallayarta. A bakin ƙofa ta zaro cajar laftof daga jaka, ta danƙa wa Injiniya.

"Ƙanena, ka manta wannan a ƙarƙashin teburina," ta ce a hankali. "Ƙwallon da ka kalla a laftof ɗin fa? Naku sun ci dai ko?"

Ba su ci ba.